Limancin Baba da Sulhun Rasha da Amurka

Kwanan baya jikata ta sayo mini tocila a wani kanti da ke Titin Bauchi. Da na juya gindinta ina neman inda ake sa batir, sai na ga an rubuta cewa a ƙasar Sin aka ƙera ta. Na ce wa yarinyar, a zamanin da na fara koyarwa, da za a ga kayan ƴan Kwaminis a hannun malamin makaranta, da sai ya je ofis ya yi bayanin inda ya samo. Ta yi mini irin kallon da ake yi wa tsohon da ya fara haɗa jiya da bara, ta ce in ba na so in ba ta abinta, ai har agogon da nake duba lokacin salla da shi daga can ya zo. Na duba, na ga gaskiyarta. Tun ranar nake ta juya wani abu da ya faru a barikin da aka haife ni, abin da na daɗe ina zaton in na tsufa zan gane shi. Tsufan dai ya iso lafiya. Ganewar ce har yanzu tana hanya.

Barikinmu na haƙar kuza ne, kudu da Jos, in ka doshi Kuru. Yau in ka bi ta wurin ba abin da za ka gani sai tudun jar ƙasa, da wani tafki kore shar da ake hana yara wanka a ciki, da masu noman rani suna jan ruwa da inji. A da kuwa, kunne ne ke fara sanin wurin kafin ido. Akwai guntun ƙarfen dogo da aka rataya a bishiya, da asuba mai gadi ya kwaɗa shi har sai haƙoranka sun amsa. Sai ƙarar kwanonin ɗaukar ƙasa ana zare su daga cikin juna, sai tari daga kowane ɗaki saboda sanyi, sai ruwa yana gudu cikin kwararon katako inda ake wanke kuza. Mata kuma suna bakin rafi a durƙushe, suna juya yashi a ƙwarya har mai nauyin ya kwanta a ƙasa, suna zagin juna da harsuna kala-kala, kowacce kuma tana jin na kowa. Aikina ina ƙarami shi ne ɗebo ruwan alwala, da shimfiɗa buzu, da korar awaki daga masallaci, wanda a cikin ukun shi ya fi koya mini haƙuri da ɗalibai daga baya.

Mahaifina, Baba, shi ne limamin barikin. Ba sarki ne ya naɗa shi ba, ba kuma kamfani ba. Leburori ne suka ga ya fi su karatu suka tura shi gaba, suka gina masa gida mai ɗaki biyu a jikin masallaci. Kowa ya san ƙa'idar ko da ba a taɓa faɗinta ba: gidan na mai limanci ne, limancin kuma na jama'a ne, ranar da suka ga dama su karɓi abinsu. Ban da salloli biyar, babban aikinsa shi ne addu'ar Litinin. Kafin a gangara rami a farkon mako, kowa sai ya hallara a filin da ke gaban rumfar awo. Musulmi a gaba, Kiristoci a gefe sun tuɓe huluna, masu addinin gargajiya ma suna nan tsaye, don gaɓar rami in za ta rufta ba ta tambayar mutum inda yake ibada. Baba ya yi Larabcinsa, sannan ya juya Hausa. Ya roƙi kada gaɓa ta zubo, kada ruwa ya ɓalle, kwano ya fito da nauyi. Kullum kuma da jimla ɗaya yake rufewa: Allah ka kashe wutar fitina duk inda aka hura ta a duniya, ka shirya tsakanin masu gaba. Ba wanda ke sauraren wannan wutsiyar. Alama ce kawai ta cewa a shafa a ɗauki shebur.

Lokacin da abin ya faru na riga na zama malamin elemantare a cikin Jos, ina da ɗaki a Dutse Uku, da keke, da wando mai kari, da ra'ayi a kan kowane abu. An koya mana duniya kashi biyu ce. Ga Ingila da Amurka da mu da muke bin bayansu, ga kuma Rasha da Sin, ƴan Kwaminis, waɗanda aka ce ba su san Allah ba, ba su san nawa da naka ba. Baturen da ke zuwa duba makarantu ya gargaɗe mu game da ƙasidunsu kamar yadda ake gargaɗi game da agana. An taɓa zazzage akwatin wani ma'aikacin jirgin ƙasa a unguwarmu don an ce ya karanta ɗaya. Ni kuma na tsaya gaban taswira da tsumagiya, na nuna wa yara wata ƙatuwar ƙasa da ban san kowa a cikinta ba, na ce su tsane ta. Suka tsane ta, har aka yi jarrabawa a kai.

Ran Asabar nakan hau keke in je bariki da jaridun mako a ɗaure a baya. Ran Lahadi da hantsi in zauna a tebur ɗin mai shayi in karanta wa jama'a, in fassara na Turanci, in ƙara gishiri inda ya yi lami. A shekarun ne wani abin mamaki ya same mu. Akwai wani baƙin yashi da ke biyo kuza, Turawa suna ce masa kolombait, wanda tun ina yaro shara ne, ɓata awo yake yi, a tsince shi a zubar. Rana ɗaya aka ce ya fi kuzar kanta daraja. Mutane suka afka wa tsofaffin juji. Waɗanda suka daɓe tsakar gida da shi suka farfashe daɓen. Mahaifiyata, Inna, ta kori wani da muciya don ya zo taya ƙasar akurkin kajinta. Kekuna suka cika bariki, garmaho yana kuka ta ko'ina, aka cire jinkar masallaci aka sa masa kwano, Baba ya sami riga mai aska wadda yake jin kunyar sawa.

Heduman, shugaban leburori, abokin Baba ne tun suna samari, tare suka zo daga ƙasar Zazzau, Kawu nake ce masa, shi kuma Ticha yake ce mini da wata murya da ba ka sanin girmamawa ce ko ba'a. Wata Lahadi ya tambaye ni me Bature yake yi da shara. Na gyara zama na yi masa bayani: Amurkawa ne ke saya, suna haɗa shi da ƙarfen injin jiragen yaƙi, suna kuma tarawa a rumbu don tsoron ranar da za su kara da Rasha. Ya jinjina kai, ya ce ashe duk wannan lokaci tsoron Bature muke ɗauka a ka. Aka yi dariya, na ji daɗin darasina.

Sai shugaban Rasha mai gashin baki ya mutu, yaƙin Koriya ya tsaya, jarida ta fara kawo wasu hotuna da ban san yadda zan fassara su ba. Ga manyan ɓangarorin biyu a tebur ɗaya suna murmushi. Ga Rashawa a Ingila ana zagayawa da su masana'antu, ana ba su shayi. Ga ƴan kasuwar Ingila sun tafi can neman ciniki. Na jira a aiko mana da sabon littafi ko a ce mu rage tsanar, ba a ce komai ba, na ci gaba da koyar da tsohon. Ba a daɗe ba Amurka ta ce abin da ta tara ya ishe ta. Baturen bariki ya sa akawu ya sanar cewa an daina awon baƙin yashi. Abin da aka fasa daɓe dominsa ya koma shara, kuma yanzu ba daɓen.

Wata Lahadi bayan La'asar, Kawu Heduman ya zo gidanmu da dattawan leburori. Aka yi gaisuwa mai tsawo irin wadda ke nuna akwai magana. Sannan ya ce ba su zo da raini ba, lissafi suka yi. Ticha da bakinsa ya karanta musu cewa in manyan can suna gaba muna ci, ga shi sun shirya mun fara rama. To wa ke ta roƙon a shirya su duk Litinin, shekara da shekaru?

"Allah gafarta Malam, addu'arka ce ta ci," in ji shi. "Mu ba yaƙi muka ce ka roƙa ba. Ƴar tsama kawai, irin ta maƙwabta, a daina gaisawa. In kuma wannan ta yi maka nauyi, to ka cire wutsiyar nan, ka bar su da halinsu."

Na so in yi dariya, sai na ga ba mai dariya. Ɗaya daga cikin dattawan ya sayar da kekensa a makon, wani ya mayar da iyalinsa gida. Baba ya juyo ya dube ni.

"Kai malamin boko, in suka koma gaba, wa zai mutu?"

Na buɗe baki da niyyar gamawa a jimla biyu. Na ce wataƙila ba kowa, domin kowanne yana da bom ɗin da zai ƙone birni ɗungum, tsoron juna ne zai riƙe su. Sai na tuna Koriya, na ce amma fa an mutu a can, kuma yawancin waɗanda suka mutu ba Rashawa ba ne ba Amurkawa ba. Na ce sulhun alheri ne ga duniya. Na ce amma mu ma a duniyar muke. Na kawo taswira, na kawo ciniki, na kawo abin da wata jarida ta ce da abin da wata ta musa, har na ji muryata tana yawo ita kaɗai kamar akuyar da ta ɓace wa garke. Da na yi shiru, Baba ya ce wa Heduman ya dai ji, shi ma bai sani ba. Sannan ya ce abinci ya roƙa musu, zai kuma ƙara roƙo har inda ƙarfinsa ya kai, amma ba zai ɗaga hannu ya ce a cinna wa gidan wani wuta don mu ji ɗumi ba, ba kuma zai cire abin da yake faɗa tun kafin a san baƙin yashi ba.

Heduman ya ɗaga kai ya dubi rufin masallaci ta saman katanga. "To wannan kwanon fa, Malam, da wace wutar aka saye shi?"

Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi, har baƙin suka gaji suka yi sallama. Washegari ya tsaya gaban rumfar awo ya karanta addu'arsa da wutsiyarta cif. Ni na riga na koma Jos, Inna ce ta ba ni labari. Ta ce amin ɗin ta fito siririya, kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya wani ɗan ƙabilar Tibi ne mai wa'azin coci da ke tsaye a gefe, abin da bai taimaki Baba da komai ba.

Mutanen wancan zamanin ba sa tsige liman da hayaniya irin ta yanzu, da lasifika da kwamiti. Cewa aka yi Malam ya gaji, a bar wani saurayin malami da ya sauka bariki kwanan nan ya riƙa taimaka masa. Taimakon ya fara da addu'ar Litinin, ya ci Azahar, ya ci sauran. Baba bai jira a yi masa maganar gida ba, ya nemi ɗaki a layin leburori. Inna ta kwashe tukwanenta ita kaɗai, duk matar da ta miƙo hannu sai ta ce mata ta bari, kada a ce ita ma Inna ta gaji a karɓe mata miji. Na ce su dawo Dutse Uku wurina, Baba ya ce shi ba a kore shi daga salla ba, daga gaba kawai aka matsar da shi.

Sabon malamin ba wawa ba ne. Bai taɓa ambaton yaƙi ba. Cewa yake Allah ka shagaltar da azzalumai da junansu, ka fitar da mu daga tsakaninsu lafiya. Amin ɗin kuwa har bayan tudu ana ji. Na kai wa Baba ƙara, ina zaton zai ce bidi'a ce, sai ya ce a'a, addu'a ce ingantacciya, tana cikin littattafai, shi ma ya karanta ta. Na ce to me ya hana shi yin ta ya zauna a gidansa? Ya ce ita addu'ar ba ta da laifi, ya dai san abin da masu amin ɗin suke nufi. Kullum yana sahun farko a bayan yaron. Ran Litinin ma yana fita ya ɗaga hannu tare da kowa. Da aka yi hutun makaranta na tsaya kusa da shi ina leƙen bakinsa in ga ko zai ce amin, gemu ya hana ni gani.

Sai ga gabar ta dawo. Jarida ta kawo hoton tankokin Rasha a titin wani birnin Turai, a daidai lokacin kuma Ingila tana faɗa a Masar. Murmushin ya ɓace daga shafin farko. Na karanta a tebur ɗin mai shayi murya ƙasa-ƙasa, amma kafin in naɗe jaridar Kawu Heduman ya aika a sayo goro an raba, aka kai wa sabon malami rago. Mutane suka fara tara baƙin yashi a buhuna a bayan ɗaki. Baba da ya ji, tambaya ɗaya ya yi mini, ko jaridar ta faɗi su wane ne a ƙarƙashin tankokin. Na ce ɗalibai ne da ma'aikata. Ya ce leburori ke nan, ya shiga ɗaki.

Aka jira akawu ya yi sanarwa, bai yi ba. Rumbun Amurka a cike yake, tsoro ya dawo amma bai zo da sikeli ba. Heduman ya tare ni a hanya ya ce, Ticha, ba kai ka ce gaba ce ke sa su saya ba? Na ce ni na faɗa. Ya ce to ga gaba. Na ce na gani.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kwance mini kai gaba ɗaya. Ashe Rashawa ma suna da kuza, suka kwaso ta suka kai kasuwar London da araha, Turawan Ingila kuma suka sa hannu suka saya. Turawan nan dai da suka zazzage akwatin mutum saboda ƙasida. Yanzu ba baƙin yashi ba, kuzar kanta ce ta faɗi, aka ce kamfanoni su rage abin da suke fitarwa. Da Baturen makarantu ya zo, na yi ƙarfin hali na tambaye shi yadda ake ciniki da mutanen da aka ce kada mu karanta ko takardarsu. Ya yi murmushi ya ce ciniki daban, siyasa daban, in na girma zan fahimta. Na gode masa, na koma aji na ci gaba daga inda muka tsaya. A bariki kuwa aka shiga sallamar mutane. Motoci suna zuwa wayam suna komawa da tabarmi da tukwane da yara a sama. Aka ɓalle ƙofofin ɗakunan da ba kowa aka yi itace da su. Sabon malamin ma ya bi wata mota, ba wanda ya zarge shi, yana da iyali, kuma ba a cin amin.

Ina ɗakin Baba wata Lahadi da hantsi, da jaridu a hammata ban ko kwance su ba don ba mai son ji, sai ga Kawu Heduman. Tun ranar maganar kwano gaisuwa kawai ke haɗa su. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa, ƙaton mutum, duk ya zube.

"Malam, gobe Litinin."

Baba ya ce ya sani.

"Ba mai tsayawa gaba."

"To me za a roƙa, sulhu ko gaba?"

Heduman ya daɗe yana murza hularsa. "Sun shirya mun ji yunwa. Sun ɓata mun ji yunwa. Yanzu suna zagin juna da baki suna ciniki da hannu, mu ne dai a ƙasa. Ni kaina ya ƙulle. Ka roƙi abin da ka gani."

Baba ya juyo ya dube ni kamar wancan karon. Wannan karon na yi abin da ya fi dacewa da iliminsa da nawa, na girgiza kai.

Na kwana a bariki, da safe na bi su filin awo. Jama'ar da a da ke cika wurin har bakin hanya, yanzu inuwar rumfar ta ishe su. Baba ya fito da tsohuwar rigarsa. Ya yi Larabci, ya juya Hausa, ya roƙi kada gaɓa ta zubo, kada ruwa ya ɓalle, ya ƙara da waɗanda suka hau mota Allah ya kai su gida lafiya. Sai ya iso wurin da kowa ke jira, ya tsaya. Hannuwansa suna sama, idonsa a rufe, bakinsa bai motsa ba. Shirun ya yi tsawo har wani ya yi gyaran murya, har na fara jin kunya a madadinsa. Can sai Heduman ya ce amin, a hankali. Na kusa da shi suka karɓa, Kiristocin gefe suka karɓa, aka shafa, aka ɗauki shebur.

Kafin Azahar matan bariki sun kwashe tukwanen Inna sun mayar gidan jikin masallaci, wannan karon ta bar su, tana biye tana nuna inda za a ajiye kowace. Da zan hau keke na tambayi Baba abin da ya roƙa a cikin shirun nan. Ya ce bai roƙi komai ba, ya dai ɗaga hannun ne ya bar wurin a buɗe.

"Ai kai ne mai jarida," ya ce. "Ranar da ka gane, ka zo ka faɗa mini in sa a bakina."

Ya yi sauran shekarunsa yana limanci, kowace Litinin da shirunta, jama'a su jira shi su ce amin. Ni kuwa na ci gaba da zuwa duk Asabar da jaridu a bayan keke, ban taɓa samun abin da zan kai masa ba.